An canza wurin wasa ana saura awa uku: yadda zaka yi a Kaduna kar dare ya yi maka a titi

Ranar uku ga sallah ne, na riga na goge kaya na rataye, ƙanwata da ƙawarta tun jiya aka gama musu lalle, tikiti uku na cikin aljihuna, sai wajen ƙarfe huɗu da rabi bayan la'asar wani abokina ya turo min hoto a WhatsApp wai an sauya wurin wasan mawaƙan da zamu je, daga filin da aka sanar a cikin gari an mayar da shi wani hol can tsallaken kogi ɓangaren Barnawa. Mu kuma a Kawo muke. Abin da kawai ya zo min a rai lokacin shine ya za ai mu isa kafin a fara, ban tsaya na yi tunanin komai ba bayan wannan, muka tari keke muka tafi. Mun isa, mun kalli wasa, wasa kuma ya yi kyau. Amma sha ɗaya da rabi na dare muna tsaye bakin titi, duk mai keken da na tara in na ce Kawo sai ya girgiza kai ya ja abinsa, ƙanwata ta cire takalminta ta riƙe a hannu saboda ƙafarta ta kumbura, cajin wayata saura 4, Umma kuma tana ta kira ba ƙaƙƙautawa don ita a saninta muna cikin gari minti ashirin ya kawo mu gida. Wallahi har yau in na tuna fuskar yarinyar nan a daren sai raina ya ɓaci.

Tun daga ranar na gane cewa in aka canza wurin wasa a garin nan, babban abin da aka canza maka ba hanyar zuwa bace, hanyar dawowa ce. Zuwa kowa zai je, da rana ne, ga keke ga bas ga jama'a. Shi yasa na zauna na rubuta wannan dalla dalla, ga duk mai zuwa wasan mawaƙa ko casun sallah ko wani taro na dare.

Mataki na farko, kar ka motsa daga inda kake sai ka tabbatar

Hoton da aka turo maka a gurup ba hujja bane. Yanzu duk yaron da ya iya waya zai ɗauki fostar wasa ya goge sunan wuri ya sa wani cikin minti biyar, wani don tsokana wani kuma don cuta. Toh abin da zaka fara yi shine ka shiga shafin masu shirya wasan da kanka, Instagram ko Facebook ko TikTok ko X, wanda tun farko a nan ka ga sanarwar, ka duba ko sun saka. Sannan ka leƙa shafin mawaƙin shi ma. In duka biyun sun faɗi abu ɗaya to magana ta tabbata. In ɗaya ya faɗa ɗaya ya yi shiru, ka kira lambar da ke jikin tikitinka ko jikin tsohuwar fosta, ba lambar da ke jikin sabon hoton ba, dan Allah a kula da wannan, domin in hoton na bogi ne lambar jikinsa ma ta mai cutar ce.

Layin zai yi ta nuna maka ana kan kira, kowa ai kira yake. Kar ka ɓata minti talatin a kai, ka tura saƙo ka koma wata hanyar: wanda ya sayar maka da tikitin, in a shago ne ko wurin cin abinci ko hannun wani ka saya, yawanci su ana sanar da su da wuri. In kana da wanda ke zaune kusa da sabon wurin ka ce ya leƙa maka, motar kayan sauti da janareto da masu ɗaura fitilu basa ɓuya, in saura awa uku a fara wasa kuma ba ko sifika ɗaya a harabar to akwai magana.

Abu ɗaya da zan faɗa da babbar murya: duk wanda ya ce ka turo ƙarin kuɗi zuwa wani akawun don a sabunta maka tikiti saboda an canza wuri, kar ka tura. Canjin wuri daga wajensu ya zo ba daga wajenka ba. In ma da gaske akwai wani ƙari to a bakin get za a yi shi ido da ido, ba ta saƙon wani baƙo ba.

In ka samu wanda ya ɗauki waya, tambayoyi huɗu zaka yi masa a jere kar ka tsaya faɗa, faɗan yana da lokacinsa a gaba. Ina ne takamaimai, wane titi kusa da me? Lokacin farawa yana nan ko shi ma ya motsa? Tikitin da ke hannuna mai ɗauke da sunan tsohon wuri zai shigar da ni? Wanda ba zai iya zuwa ba za a mayar masa da kuɗinsa? In ta saƙo ya amsa ka ɗauki sikirinshot nan take, ka ɗauki na sanarwar ma, saboda ana goge sanarwa in an ga surutu ya yi yawa.

Na biyu, ka gane dalilin canjin, shi zai gaya maka abin da zaka tarar

Ba kullum suke faɗin gaskiyar dalili ba, galibi sai dai ka ga an rubuta "saboda wasu dalilai". Amma in ka kwatanta tsohon wuri da sabo zaka karanta da kanka.

In daga fili aka koma hol kuma lokacin damina ne, musamman Yuli da Agusta zuwa Satumba da ruwan Kaduna baya sallama, to hadari suka gudu. Wannan dalili ne mai kyau, sai dai hol baya ɗaukar abin da fili ke ɗauka. Ka yi tunanin mutanen da aka sayar wa tikiti da lissafin buɗaɗɗen wuri irin Murtala Square ko filin wasa na Ahmadu Bello, a ce a zuba su a ɗakin taro ɗaya. Ma'ana wanda ya makara zai iya tsayawa a waje da tikitinsa a hannu. A irin wannan sai ka yi sammako ko ka haƙura.

In daga babban wuri aka koma ƙarami kuma ba ruwa ba iska, sau da yawa tikiti ne bai sayu ba ko kuɗin wurin ne ba a cika ba. Nan ba zaka sha matsi ba amma ka sa a ranka za a iya makara sosai, wani lokaci ma a rage mawaƙan da aka yi alkawari. In kuma daga hol aka fita fili to jama'a ce ta yi yawa, ka shirya tsayuwa, ka canza takalmi, in lokacin hunturu ne Disamba ko Janairu ka ɗauki rigar sanyi da abin rufe hanci don ƙurar da ƙafafu za su tayar ba kaɗan bace. Akwai kuma wuraren gwamnati waɗanda wani taron hukuma zai iya faɗowa a kansu a ce kowa ya matsa, akwai kuma maganar izinin jami'an tsaro. In ka ji ƙishin-ƙishin cewa maganar tsaro ce ta sa aka tashi daga wuri, ni a nawa ra'ayin ka ƙara tambaya sosai kafin ka ɗauki ƙanne ko iyali ka tafi, kai kaɗai ma ka yi tunani.

Na uku, kuma shine zuciyar maganar: ka lissafa dawowa kafin ka lissafa zuwa

Wanda ba ɗan Kaduna ba zai ga kamar ai duk gari ɗaya ne. Mu mun san kogi ya raba garin biyu, kuma tsallaka shi sai ta gada, gadojin kuma ƙidayayyu ne. Wanda ke Kawo ko Unguwar Dosa ko Badarawa ko Malali aka ce masa wasa ya koma Barnawa ko Narayi ko hanyar Sabon Tasha, tafiyarsa ta koma hawa biyu ko uku. Haka wanda ke Kakuri ko Unguwar Television aka ce masa an mayar da shi filin baje koli na hanyar Zariya, can gaba da Kawo wajen Rigachikun, shi ma ya ratsa garin kaf daga wannan bakin zuwa wancan. Ɗan Rigasa kuwa duk inda aka kai wasan sai ya fara fitowa ya tsallaka bayi-fas tukuna.

Toh ka zauna ka yi wa kanka wannan lissafin a fili. Wasan da aka rubuta ƙarfe bakwai, a al'adarmu ma ba a farawa bakwai, balle wanda aka kwashe kayan sauti daga wani wuri ana sake haɗawa, a gwada makirfo, a ja waya, a nemo man janareto. Ka ƙara masa awa biyu cikin kwanciyar hankali. Babban mawaƙin kuma shi ake ajewa ƙarshe. Kenan in kana son ka ga wanda ka biya kuɗi dominsa, sha ɗaya ko sha biyu za ta same ka a can. Yanzu ka tambayi kanka, sha biyun dare daga wannan wurin wa zai kai ni ƙofar gidanmu? In baka da amsar da ta ƙunshi sunan mutum da lambar wayarsa, to baka da amsa.

Hanyoyin da na ga suna aiki guda uku ne. Mafi sauƙi, mai keken da zai kai ku ku yi magana da shi tun a hanya ku ɗauke shi shata zuwa da dawowa. In ɗan unguwarku ne ya fi, don shi ma gida zai koma, ba zai ji nauyin hanyar ba. Ka ce masa "Malam, in mun tashi zaka iya dawowa ka ɗauke mu? Nawa zamu baka gaba ɗaya?" Ku yanke kuɗi tun a lokacin, ka bashi na zuwa, na dawowa sai ya dawo, ka karɓi lambarsa ka kira a gabansa ka ji ta shiga, ka kuma ɗauki hoton lambar keken ka tura gida. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Ku kuma ajiye wurin haɗuwa da ba bakin get ba, ɗan gaba kaɗan inda akwai haske da mutane, kamar gidan mai ko wajen mai shayi, saboda bakin get lokacin tashi ko kanka baka gani balle keke.

Ta biyu, ku haɗu da mai mota ku haɗa masa kuɗin mai. Amma a yi magana a fili tun farko kan lokacin tashi, kar ku je shi yana son ya kai ƙarshe ku kuma an baku sha ɗaya a gida. Mai mota kuma ya tambayi wurin fakin kafin ya taso, don ƙananan holholin nan harabarsu mota ashirin ta cika ta, sauran sai gefen titi, gefen titi kuma ko dai a fasa maka gilashi ko ka tare hanya 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya su same ka. Kar a bar jaka ko waya ko laftof a kan kujera inda ido zai gani.

Ta uku wadda mutane ke mantawa, kwana. In kana da yaya ko goggo ko aboki a ɓangaren da aka mayar da wasan, ka kira tun da rana ka ce zaka kwana, da safe ka kama hanya hankali kwance. Ba abin kunya bane, kuma ya fi ka ratsa gari ƙarfe ɗaya.

Maganar hanyar zuwa kuma a taƙaice. Daga arewacin gari zuwa kudu, hanyar da kowa ya sani ita ce Ali Akilu ka faɗa Ahmadu Bello Way ka wuce Leventis har shataletalen Stadium ka hau gada, kuma nan ne ake cushewa da yamma lokacin tashi daga kasuwa da ofis. In Barnawa ka nufa, gadar Kabala Costain mai fitar da kai titin Aliyu Makama tana rage maka wannan wahalar sosai. Bayi-fas ɗin Nnamdi Azikiwe tana da sauri in Kakuri ko Kabala West zaka, amma hanyar tirela da tanka ce, ni dai bana son ta a cikin keke da daddare. Ta ɓangaren Kawo kuma tun da aka buɗe sabuwar gadar sama a 2022 abin ya yi sauƙi kan da, amma ranar sallah ko ranar da ake baje koli har yanzu sai haƙuri. Kar ka dogara da Google Maps kaɗai wajen gano sabon hol, da yawansu ko dai basa kai ko an sa su a inda ba nan ba, ka nemi kwatance irin namu, kusa da wane masallaci, bayan wane gidan mai, layi na nawa.

In ka gama wannan lissafin ka ga bai fita ba, ka fasa. Da gaske nake. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma maganar kuɗinka tana nan tafe a ƙasa.

Na huɗu, a sanar da gida

Wannan ya fi shafar 'yan mata da ƙananan samari amma har manya. Izinin da aka baki a gida na wancan wurin ne, ba na wannan ba. Na san abin da ke zuwa rai, in na faɗa za a ce kar na je. Eh za a iya cewa haka. Amma ki auna da a ce wani abu ya faru ana nemanki a Murtala Square ke kina Narayi. Ki je ki same su da cikakken bayani ba rabi ba: "Umma an canza wurin, yanzu wuri kaza ne, da Yaya zamu tafi, ga lambar mai keken da zai dawo da mu, sha ɗaya in sha Allah muna hanya." Iyaye sun fi yarda in sun ga an yi tsari. Ni kuskuren da na yi kenan a wancan daren, ban kira Umma na gaya mata ba sai da dare ya raba, ta yi awa biyu a zaune bakin ƙofa da carbi.

Abokan tafiya kuma ku buɗe ƙaramin gurup na ku kaɗai, mutum ɗaya ya riƙa saka abin da aka tabbatar, a daina turo duk jita-jitar da aka gani a sitatus. Duk wanda kasan ya sayi tikiti ka kira shi, kar ka ce ai ya gani, akwai wanda datarsa a kashe take tun safe yana can yana shirin tafiya tsohon wuri.

Na biyar, waya da kuɗi da tikiti

Ka sa waya a caji tun lokacin da labarin ya zo maka, ka ɗauki fawa bank in kana da shi ko ka aro. Ka duba katinka da *310#, data da *323#, in ta ƙure maka a hanya *303# na ranto kati, lambobin nan yanzu iri ɗaya ne a MTN da Airtel da Glo da sauran. Inda dubban mutane suka taru sabis yana yin nauyi, saboda haka in tikitinka na waya ne mai lambar da ake haskawa, ka ɗauki hotonsa ka aje a cikin waya tun daga gida, kar sai ka je gaban mai duba tikiti ka tsaya jiran imel ya buɗe mutane na turinka ta baya. In na takarda ne ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka kuma nemo risit ko alat ɗin da ka biya da shi.

Ka riƙe tsabar kuɗi, canji ƙanana, wanda ya kai ninki biyu na abin da ka yi niyyar kashewa a mota. Tiransifa da daddare tana iya maƙalewa, mai keke kuma ba zai tsaya jiran alat ba, masu POS na bakin get su ma sun san ranar cin kasuwarsu ce. Ka raba kuɗin gida biyu, na dawowa daban a wani aljihun da ba zaka taɓa ba ko ƙishi zai kashe ka. Ka rubuta lamba ɗaya ta gida a takarda ka sa a aljihu, in waya ta mutu ko aka ɗauke ta mutane da yawa ko lambar mahaifiyarsu basu haddace ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kiranta.

Sallah kuma, canjin wuri yakan sa magariba ta riske ka a hanya. Ka fita da alwala, ka tsaya a masallacin bakin hanya ka yi, in da hali ka jira isha'i ma kafin ka shiga, don in ka shiga ciki fitowa ka dawo wani sabon rikici ne da masu get.

In labarin ya same ka a hanya ko a bakin tsohon wuri

Nan ne aka fi cutar mutane. Ka iso ka tarar da get a rufe, jama'a cirko-cirko, kowa da abin da yake faɗa. Ka nemi mai gadin wurin ko takardar da aka manna, ka kuma yi wancan tabbatarwar ta mataki na farko. In masu wasan sun san aikinsu za su bar mutum ɗaya a nan yana nuna hanya, wasu har bas suke sawa. Amma duk motar da ta tsaya aka ce "masu zuwa sabon wuri ku shigo", kar ka faɗa ciki sai ka ga sanarwar motar a shafinsu ko ka ga wanda ka sani a cikin masu shiryawa. Gara ku haɗu ku huɗu da kuka san juna ku ɗauki keke ɗaya. Kuma kar ka tsaya kana latsa waya a tsakiyar cunkoso, masu ƙwacen waya irin wannan ruɗanin suke jira, ka jingina da bango ko ka shiga shago ka yi kiranka.

Waɗanda suka taso daga wani gari abin ya fi musu zafi. Ɗan Zariya da ya yi kusan kilomita 80 da niyyar ya juya a daren, in aka tura wasan kudancin gari to ya manta da juyawa, ya nemi wurin kwana tun da sauran haske. Wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Abuja ya sauka Rigasa kuma ya riga ya kama ɗaki kusa da tsohon wuri, ya kira masaukin ya tambaya ko suna da direban da suka yarda da shi, yawanci suna da shi, kuma ya fi ka tari wanda baka sani ba a garin da ba naka ba.

A bakin sabon get

Ka sa ran hargitsi. Masu tsaron ƙofar wataƙila na sabon wurin ne, basu san kalar tikitinku ba, jerin sunayen masu tebur yana hannun wani da bai iso ba. Ka tsaya a layi, tikiti a hannu, waya a aljihun gaba, mata da yara a gabanka ba a bayanka ba. In aka fara turereniya ka ja baya ka fita gefe, kar ka yarda a matse ka jikin ƙofar ƙarfe ko katanga, wuri mafi haɗari kenan. Minti goma na haƙuri a gefe yawanci layin ya lafa.

In ka biya kuɗin tebur ko kujerar gaba aka ce maka a nan babu wannan tsarin, kar ka yi da mai tsaron ƙofa, ba shi ya ci kuɗinka ba kuma ba shi zai biya ka ba. Ka ce "Oga dan Allah haɗa ni da mai kula da tikiti." In ya zo ka nuna masa shaidarka, ku tsaya a kan abu ɗaya, ko a baka wuri makamancinsa ko a rubuta maka cewa za a mayar maka da bambancin, ya turo maka a saƙo kana tsaye.

Kana shiga, kafin ka nemi inda zaka fi ganin dandamali, ka fara duba ƙofofin fita. Nawa ne, a buɗe suke ko an sa kwaɗo? Wurin da aka kama da gaggawa ba lallai an duba wannan ba. In ka ga hol ya cika har numfashi na wahala kuma ana ci gaba da shigo da mutane, ka kama hannun naka ku matsa kusa da ƙofa. Ku kuma fita ana saura waƙa ɗaya ko biyu a tashi, ka kira mai kekenka tun kana ciki, kafin kowa ya fito lokaci guda farashi ya tashi.

In ka fasa zuwa, ko ka je an hana ka shiga

Kuɗinka haƙƙinka ne, kar ka ji kunyar nema, kar kuma ka bari a kwana biyu don da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A daren ko washegari da safe ka tura saƙo a rubuce, gajere ba zagi: na sayi tikiti kaza ranar kaza kan naira kaza don wasa a wuri kaza, an canza wuri ƙarfe kaza, ban samu halarta ba, ina neman a mayar min da kuɗina, ga akawun ɗina. Ka haɗa da hoton tikiti da alat da sikirinshot ɗin sanarwar. In ta wani shafin sayar da tikiti ka saya ka tura musu su ma, wani lokaci kuɗin yana hannunsu basu riga sun miƙa ba. Wanda aka hana shi shiga saboda wuri ya cika ya ɗauki ɗan bidiyo a bakin get da tikitinsa a hannu, hujja ce mai ƙarfi.

In sun yi shiru ku nemi juna ku da abin ya shafa, mutum talatin masu magana ɗaya ba a share su kamar mutum ɗaya. Ku rubuta a ƙarƙashin sanarwarsu cikin ladabi, abin da ya faru kawai ba ƙari, don mai shirya wasa yana da wani wasan a gaba kuma sunansa shine jarinsa. In duk an yi wannan ba a dace ba akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ana shigar da koke ta shafinta na intanet, kuma hujjojin nan da ka tara su za a fara tambayarka. In kuma damfara ce aka yi maka ka tura kuɗi wani akawun na bogi, bankinka zaka fara kira a take ka basu lambar akawun ɗin da lokacin da ka tura, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Mu a wancan daren wani dattijo mai keke ne ya tsaya daga ƙarshe, ya leƙo ya kalli yaran ya ce "Ɗana ina zaku da 'yan mata a daren nan?" Na ce Baba Kawo. Ya yi shiru kaɗan ya ce shi Hayin Banki zai kwana, mu shigo. Sha biyu da kwata ya sauke mu a ƙofar gida, Umma ta fito har bakin keken ta yi masa godiya. Na karɓi lambarsa a daren, kuma duk wasan da zan je yanzu shi nake fara kira kafin ma na sayi tikiti.